Abin da Aka Rufe Bayan Rumbu

Da ƙullutun aka haifi Aminatu. Yana nan tsakiyar wuyanta, ƙasan haɓa kaɗan, bai fi ƙwallon magarya ba. In ta haɗiyi yawu ya hau ya sauko, in ta zaro harshe ya bi harshen sama. Yaran Barmu sun mai da shi abin wasa, manya kuma suka ce halitta ce, tunda ba ya ciwo, ba ya hana ta cin tuwo. Da shi ta girma, da shi ta gama karatu, har aka ba ta aji a wata makarantar ƙauye wajen Bambeye. Sai da ta haura shekara ashirin abin ya soma girma, ya yi tauri, har tana jin sa in ta ɗaga murya a gaban yara.

Raƙiya ce ta haife ta, amma wanda bai sani ba ba zai taɓa cewa haka ba. Aminatu 'yar fari ce. Tun da aka yaye ta aka kai ta Barmu wurin kakanninta na wajen uba, Malam Illa da matarsa Habi, can ta tashi. Raƙiya na garin Tawa tana sayar da gabu, busasshen ganyen albasa, da kayan miya a kasuwa, mijinta Sabo na Abijan, sai shekara ta zagayo ake ganin ƙeyarsa. Ba ta kiran sunan yarinyar, ba ta tambayar lafiyarta a gaban mutane, in an yabe ta sai ta kau da kai kamar ba da ita ake ba. Ita ma Aminatu Yaya take ce mata. Kowa ya shaida Raƙiya mace ce mai kunya, ita ma tana jin daɗin wannan shaidar, don babu wanda ya taɓa gaya mata ranar da za ta biya kuɗinta.

Da aka kawo Aminatu asibiti a Tawa, Malam Illa ne ya shiga da ita wurin likita. Raƙiya ta tsaya waje ƙarƙashin iccen bedi, da kwanon fura a hannu. Abin da likitan ya faɗa ma a bakin Aminatu ta tsince shi, tana gaya wa ƙawarta a waya. Wai wata 'yar jaka ce da ta saura tun yaro na ciki, yawanci ruwa ne kawai a cikinta, amma hoton da aka ɗauka ya nuna wani ɗan abu mai tauri a jikin nata. Za a cire jakar haɗe da ɗan guntun ƙashin da ke gindin harshe don kar ta dawo, sannan a aika Yamai a duba naman.

Aka yi aikin lafiya. Ranar ma Raƙiya na ƙarƙashin bedin. Ta hango wani ma'aikacin asibiti ya fito da 'yar kwalba mai jan murfi, ya tambayi wane ne mai yarinyar. Malam Illa ya miƙe. Ta ga an miƙa masa, ta ga ana yi masa bayani da hannu ana nuna yamma, ta ga ya sa kwalbar a aljihun babbar rigarsa. Ƙafarta ta so ta tashi. Ta danne ta, don a gaban surukinta ne, kuma maganar 'yar fari ce.

Da aka sallame su, tsohon ya koma Barmu, Aminatu ta zauna jinya a gidan Raƙiya saboda wankin ciwo. Ta tambayi kakanta a waya ko an aika da kwalbar, ya ce an gama da wannan. Hankalinta ya kwanta.

Ranar cire zare babu wanda zai raka ta sai Raƙiya. Ta zauna a benci bakin ƙofa. Likitan, Almustafa sunansa, saurayi ne siriri mai saurin magana, rabi Hausa rabi Faransanci. Ta ji yana waya, ta ji muryarsa na hawa, sannan ya leƙo ya ce uwar yarinyar ta shigo. Ta ce ai kakanta ne ke... Ya ce kakan ba ya nan, ita ta shigo.

Yamai ba su ga komai ba. Babu kwalba, babu sunan Aminatu a wurinsu.

Ya zaunar da ita ya yi mata bayani a hankali, irin bayanin da ya kamata a ce an yi wa wani tun ranar aikin. Irin wannan jakar, in ji shi, da wuya ƙwarai ciwon daji ya tsiro a cikinta, shi kansa a littafi kawai ya san shi. Amma da ya tsaga wuyan bai ji daɗin abin da yatsansa ya taɓa ba. In an duba naman an ga babu komai, magana ta ƙare. In an ga ciwon, amma ƙarami ne bai huda bangon jakar ba, nan ma wuƙa ta gama aikinta, sai dai a riƙa duba ta lokaci-lokaci. In kuwa ya huda ya fita, to dole a sake buɗe wuyan a cire naman nan na gaban maƙogwaro gaba ɗaya, wanda in ya kumbura ake ce masa maƙoƙo. Wanda aka cire wa shi kuwa, ƙwaya zai riƙa sha kowace safiya iyakar ransa. Amsar duk tana cikin kwalbar nan.

Raƙiya ta dube shi, abin da ba ta saba yi wa namiji baƙo ba. Ta tambaye shi ko haka ya yi wa tsohon bayani. Ya ce ma'aikacinsa ya gaya masa a kai Yamai.

"A kai Yamai," in ji ta. "Kun ɗauki naman mutum da ƙashinai kun ba tsoho ɗan saba'in a kwalba, kun ce a kai Yamai, kun koma ɗaki. Ko mai saida gabu ta fi haka bayani."

Aminatu na kan gadon dubawa, hannunta a kan auduga, tana kallon uwarta kamar yau ta fara ganinta.

A ƙofar asibitin Raƙiya ta kira Sabo. Ashe ya sani. Baba ya gaya masa tun ranar da ya koma gida: ya wanke abin, ya naɗe shi a farin ƙyalle, ya rufe shi a gida yadda ya dace da jikin musulmi. Sabo ya ce shi bai ga laifi ba, ai an cire ciwon, me kuma ake nema? Ya ce ta rufa masa asiri kar ta je ta ɗaga wa mahaifinsa murya a kan 'yar fari, mutane su ce matar Sabo ta zubar da kunya. Tana jin ƙarar motocin Abijan a bayansa. Mutumin da ko zazzaɓin yarinyar bai taɓa gani da idonsa ba, shi ke koya mata abin da ya dace. Ta kashe wayar yana cikin magana.

Washegari da safe ta rufe rumfarta ta shiga motar Barmu. Bazara ce, ƙarfen motar ba ya taɓuwa. Duk hanyar tana shirya maganar da za ta faɗa, tana gyara ta, tana rage mata kaifi, sai ta sake tunawa da aljihun rigar nan, kaifin ya dawo. Haushin likitan take ji, da na Sabo, da na tsohon. Wanda ya fi ci mata rai shi ne na matar da ta zauna ƙarƙashin bedi da kwanon fura tana kallo.

Ta tarar da Malam Illa a inuwar zaure yana tufka igiya. Ta cire takalmi, ta durƙusa, ta gaishe shi da kanta a ƙasa kamar kullum. Ya amsa da fara'a, ya tambayi mai jiki. Mutum ne mai kirki, wannan ma wani abin haushin ne. Shi ya goya Aminatu a kan jaki zuwa rigakafi, shi ya tsaya ta yi karatu lokacin da dangi ke cewa ya isa. Ba za ka iya tsanarsa ka huta ba.

Ta gaya masa abin da likita ya ce, har da hanyoyin nan uku. Ya saurara har ƙarshe, hannunsa bai bar igiyar ba. Sannan ya ce ya ji abin da yaron asibitin ya faɗa sarai, ba kurma ba ne shi. Amma da ya zo gida ya ɗaga kwalbar a rana, ya ga ƙashi a ciki.

"Ƙashin jikata na," ya ce. "In ba direba shi sa ƙarƙashin kujera, tare da kaji da buhun albasa? Su yayyanka shi su gama su zubar a bola? Abin da Allah ya girmama, ƙasa aka ba. Ni na rufe shi, kuma abin da anka rufe ba a tone shi."

Ta ce, Baba, ranta ne a ciki. Ya ce rai na hannun Allah. Ta ce ta sani, amma wuƙar na hannun likita, kuma zai sake sa ta a wuyan yarinyar a makance. Ya ɗago ya dube ta. Ya ce bai taɓa jin ta yi maganar yarinyar nan ba sai yau, kuma bai so ya ji ta haka ba. Ya ce ta tashi ta shiga gida ta sha ruwa.

Habi na tsakar gida, ta ji komai. Shekara hamsin tsohuwar ba ta taɓa tsallake maganar mijinta ba. Ta ba Raƙiya ruwa. Sannan ta ɗauki butarta kamar za ta kewaya, ta bi ta bayan rumbun gero, ta ajiye butar a wani wuri kusa da katanga, ta dawo hannu wofi ta zauna ta juya baya.

Akwai hauya jingine da rumbun. Raƙiya ta ɗaure zanenta, ta ɗauke ta ta nufi inda butar take.

Ƙasar ta bushe ta yi tauri, ƙarar hauyar ta kai zaure. Ta ji takunsa, ta ji ya tsaya a bayanta. Maƙwabta mata sun fara leƙowa ta kan katanga. Ya kira ta da sunan da yake kiranta, matar Sabo, ya ce ta ajiye. Ba ta waiwayo ba. Ya ce in ta tone wannan ramin, ta san ta tone mutuncinsa ne a gaban garin nan.

"Baba, ni nih haihe ta," ta ce, tana sara. "Na yi shiru shekara ashirin da huɗu don in ba ku girma. Ku ba ni yinin yau."

Da ta kusa, ta yar da hauyar ta ci gaba da hannu. Gara ta riga ta. Farin ƙyallen ya zama raga, ƙasa ta cika shi. Abin da ke ciki ya yanƙwane ya yi baƙi, gefensa duk a ciccinye, sai ɗan ƙashin ne fari tas. Warin maganin asibitin bai gama fita ba. Ta zuba shi da ƙasar da komai a robar da ta zo da ita, ta rufe. Da ta miƙe tsohon ba ya wurin. Ta fita ta ƙofar zaure ba ta yi masa sallama ba, shi ma kansa na kan igiyarsa.

Likita Almustafa ya buɗe robar ya daɗe yana kallo. Ya ce sa'ar da aka yi, naman ya kwana a cikin magani kafin a wanke shi, wataƙila tsakiyarsa ta tsira. Ya sa shi a sabuwar kwalba, ya fara cewa akwai direban da suke ba wa. Raƙiya ta karɓe kwalbar daga hannunsa. Ita ta kai ta Yamai da kanta, a kan cinyarta, naɗe cikin mayafi, ko sauka shan ruwa ba ta yi ba sai tare da ita.

Sakamakon ya ɗauki makonni. A makonnin nan Sabo ya daina kiranta, sai saƙon murya da ya turo yana cewa ta sa an yi da shi har Abijan. Matan Barmu da ke zuwa kasuwar Tawa suka koma sayen gabu a rumfar gaba. Ba ta bi kowa da ban haƙuri ba. Ita ke wanke wa Aminatu wuya, ita ke dama mata kunu, amma zaman nasu shiru ne, don ba su saba hira ba kuma ba a koyon ta a jinya.

Da amsar ta zo, likitan ya kira su tare. Ciwon daji ne. Irin mai tafiyar hawainiya, in ji shi, wanda ake warkewa daga gare shi in an kama shi da wuri. Wannan sun gani a tsakiyar naman. Amma bangon jakar, wurin da zai nuna ko ciwon ya huda ya fita, shi ne gara ta cinye, sauran ya ruɓe. Ba za su iya cewa ya fita ba, ba za su iya cewa bai fita ba. Manyan likitocin Yamai sun ce su kam ba za su yi caca da wuyan yarinya ba: a cire naman maƙogwaron.

Raƙiya ta tambaya, da kwalbar ta je yadda aka ba da ita fa? Ya ce da sun gani. Ta ce da sun ga me? Ya ce Allah ne masani, amma da sun gani.

Aminatu ta yi kuka a kan kabu-kabu har gida. Aka kwana biyu. Sannan ta ce a yi, ita ba za ta iya tsayawa gaban yara tana taɓa wuyanta kullum tana tunanin ko yana nan ba. A Yamai aka yi aiki na biyu. Wannan karon da aka tambayi mai yarinyar, Raƙiya na tsaye a bakin ƙofar tun kafin a tambaya. Aminatu ta farfaɗo da tabo biyu, ɗaya a kan ɗaya, da murya a dishe wadda likitoci suka ce za ta dawo a hankali. Aka fara ba ta ƙwayar, ƙarama fara, kafin ta karya kumallo.

Bayan sun dawo Tawa sakamako na biyu ya iso. Likita Almustafa ya tarbe su yana murmushi, ya ce albishir: an duba naman da aka cire kaf, babu ciwon a cikinsa ko ɗigo. Bai yaɗu ba. Aminatu ta rufe fuska tana hamdala. Raƙiya ma ta yi hamdala, da gaske ta yi ta. Sai da suka miƙe za su fita abin ya faɗo mata. Ta juyo.

"Kenan lahiyayye kunka cire."

Murmushin ya tafi. Ya ce a lokacin ba su da hanyar sani.

Labari ya kai Barmu cewa an duba ba a ga komai ba. Malam Illa ya yanka rago don godiya ga Allah, ya aiko a zo. Sabo ya kira yana dariya, ya ce ai ga shi Baba ya yi gaskiya, babu komai tun farko, da an bar abin a inda yake da ba a sha wannan wahalar ba. Haka maganar ta zauna a garin: matar Sabo ta tone rami, ta jawo wa 'yarta yanka na biyu a banza. Raƙiya ta ji wannan a bakin mutum uku kafin ta sauka daga mota.

Gidan ya cika. Ana ta suya, Habi ta rungume Aminatu tana shafa tabon tana hawaye. Aminatu ta je gaida kakanta, muryarta ba ta fita sosai, sai da ya sunkuyo ya ji ta. Raƙiya ta zauna cikin mata, aka ajiye mata nama ba ta taɓa ba. Tana jin ana cewa Malam mutum ne mai haƙuri, dubi yadda ya yafe ya kira ta. Ta bari har aka yi la'asar, baƙi suka ragu, tsohon ya koma zaurensa shi kaɗai.

Ta cire takalmi ta durƙusa. Ya ce komai ya wuce, shi bai riƙe ta ba. Ta ce ta gode. Sannan ta kwance bakin mayafinta ta fito da kwalin ƙwayar, wanda ya ƙare, ta ajiye a kan tabarma a gabansa.

Ta ce ciwon yana nan cikin abin da ya rufe, likitoci sun gan shi, kar wani ya gaya masa babu. Abin da ba su gani ba shi ne abin da gara ta ci, kuma saboda shi aka cire wa yarinyar naman da Allah ya ba ta lafiyayye. Wannan kwalin shi ne madadinsa. In ta daina sha, jikinta zai mutu a tsaye, ta kumbura, ta kasa tashi. Ba a samun sa a Barmu, ba a samun sa a ƙauyen da take koyarwa, a Tawa ma wani lokaci sai an zagaya. Wata-wata yake ƙarewa.

"Kai ka reno ta, Baba, ban hana ka ba. Ka riƙe wanga. In nata ya kusa ƙarewa kai za ka shigo mota ka biɗo mata."

Ya ɗauki kwalin da hannu biyu. Ya juya shi, ya kai shi kusa da ido, ko da yake ba ya karanta bokon. Daga cikin gida ana jin dishasshiyar muryar Aminatu tana ƙoƙarin kiran wata, kiran bai kai ba. Tsohon ya saurara har ta yi shiru. Ya juyo wurin Raƙiya.

"Har yaushe za ta sha?"

"Har ran da za a rufe sauran jikinta," in ji Raƙiya.

Ta miƙe ta sa takalminta, ta shiga ta ce wa Aminatu ta ɗauko jakarta kar motar Tawa ta tashi ta bar su.